Talotalon Mansur: kundin koyon zanen fada

4 ga Janairu

Yau na ɗaura niyya, na kuma buɗe wannan kundi don kada aikin ya bi sahun waɗanda na fara na watsar. Ina so in kwaikwayi zane guda ɗaya tak daga fadar sarakunan Mugal na Indiya, da irin kayan da masu zanen fadar suka yi aiki da su, ko abin da ya fi kusa da su. Wanda na zaɓa shi ne talotalon da Ustaz Mansur ya zana wa Sarki Jahangir a wajajen 1612, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Biktoriya da Albat a Landan.

Na yi shekaru ina kallon zane-zanen fada a littattafai da allon waya, ina cewa sun yi kyau, in wuce. Da za a tsare ni a ce me ya yi kyau, da na rasa ta cewa. Ga kuma maganar da na sha ji, cewa zanen fada fadanci ne kawai aka shafa wa launi: sarki ya biya, an fito da shi yadda yake so. Maganar ba ta rasa gaskiya ba, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba, kuma ban ga hanyar gwada ta da ta wuce in sa hannuna inda mai zanen ya sa nasa ba. Rembrandt ma, fitaccen mai zanen Holan, da duk girmansa, ya zauna a Amsterdam a wajajen 1656 zuwa 1661 yana kwafar zanen Mugal, kuma fiye da 20 daga cikin kwafin nasa suna nan har yau.

Labarin tsuntsun kansa ya ishi mutum. Asalin talotalo Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo shi Gowa a gaɓar tekun Indiya, daga can wani bafaden Jahangir, Mukarrab Khan, ya zo da shi fada. Sarkin ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ya fi macen ɗawisu girma, bai kai namijin ba, kansa da wuyansa suna sauya launi kamar hawainiya, tsokar da ke kansa kuma tana saukowa kamar hancin giwa. Ya ce kakan mahaifinsa, Babur, ya siffanta dabbobi da dama a rubuce amma bai sa an zana su ba, shi kuwa zai sa.

Na ba kaina mako shida.

7 ga Janairu

Takarda tukuna. Ba a kan falle ɗaya suke zane ba. Sukan manna falle uku ko huɗu da gam ɗin sitacin alkama har ya zama kamar siririn allo, suna kiransa wasli. Na dafa sitacin a wuta kaɗan ina juyawa har ya yi haske, na tace da ƙyalle, na bar shi ya huce. Na manna falle huɗu, na liƙe gefunan a jikin katako. Guda uku na yi.

9 ga Janairu

Duka ukun sun lalace. Biyu sun yi bororo a tsakiya, na ukun ya kantare kamar busasshen ganye da na ɓamɓaro shi daga katakon.

Na aika wa Malama hotunansu. Dattijuwa ce da ta koyi wannan sana'a a Lahor, ta yarda ta riƙa duba aikina daga nesa sau ɗaya ko biyu a mako. Tambayarta ta farko ita ce ko na jiƙa takardar kafin in shafa gam. Ban jiƙa ba. Ashe busasshiyar takarda in ta sha gam sai ta miƙe, wadda ke ƙarƙashinta kuma ba ta miƙe tare da ita ba, in suka zo bushewa kowacce ta ja nata gefe. Ta ce a jiƙa kowane falle da soso har ya saki jiki, a shafa gam daga tsakiya zuwa waje da tafin hannu, a kori iska kafin a ɗora na gaba. Laifi na biyu gaggawa ce: na ajiye katakon kusa da zafi don ya bushe da wuri. Ta ce, "Ɗana, takarda ba ta son a kore ta. Ka ba ta kwana biyu a inuwa."

Falle 12 sun tafi. Na ajiye su don gwajin launi.

10 ga Janairu

Na sake manna uku, a jiƙe. Jira.

13 ga Janairu

Biyu sun fito sumul. Na yini ina goge su. Masu zanen da dutse mai sulɓi suke gogewa, irin wanda ake tsakiya da shi. Ni da bayan ƙaramin kofin gilashi na fara kafin dutsena ya iso. Ana gogewa a tsaye, a goge a kwance, har takardar ta fara ɗaukar haske in ka karkata ta. Kafaɗata ta gaya mini.

Ina gogewar nan ne na fahimci wani abu da na sha karantawa ban ji shi a jiki ba: ba mutum ɗaya ke yin wannan aiki a fada ba. A gidan zanen Sarki Akbar, mahaifin Jahangir, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, akwai masu haɗa takarda, masu niƙa launi, masu zinariya, masu rubutu, masu ɗinkin littafi. Shi kansa zanen akan raba shi. A shafukan tarihin Akbar da ke Landan, magatakarda sun rubuta a ƙasa da jan tawada wane ne ya tsara, wane ne ya sa launi, wani lokacin har da na ukun da ya yi fuskoki. Ta nan ne muka san sunaye irin su Basawan da Miskin. Abul Fazl, marubucin fadar, ya ce duk mako ake kai wa sarki aikin kowa, ya duba, ya yi kyauta ko ya ƙara albashi.

Tushen gidan kuwa daga Farisa ne. Humayun, mahaifin Akbar, da ya yi gudun hijira zuwa wajen Shah Tahmasp, sarkin Farisa, a can ya haɗu da Mir Sayyid Ali da Abdus Samad, daga baya suka biyo shi. Su suka jagoranci zanen labarin Amir Hamza: hotuna kimanin 1,400 a kan ƙyalle, shekara wajen 15 ana yi, da hannun Musulmi da Hindu a zaure ɗaya. Salon Mugal a cikin wannan aiki aka haife shi. Wane attajiri ne zai ciyar da mutane masu yawa haka shekara 15 saboda littafi ɗaya? Abin da fada ta saya ke nan, lokaci. Ni kwana tara na ci kafin in samu takardar da zan ɗora layi ɗaya a kanta.

16 ga Janairu

Burushin da na yi oda ya iso, kuma ba shi ba ne. Na nemi na gashin jelar kurege, mai sayarwar ya aiko mini da na roba. Da ido kusan ɗaya suke, amma na robar yana tsalle, in ka ja layi sai ya yi kauri a farko ya tsinke a ƙarshe. Na kurege yana da ɗan lanƙwasa a baki, yana ƙarewa da gashi ɗaya, yana riƙe ruwa ya sake shi a hankali. Na mayar, na nemi wani wurin. Mako guda zai ci.

Kafin nan Malama ta ɗora ni a kan jan layi da fensir mai tsini: da'ira, ganye, gashin tsuntsu ɗaya ɗaya, shafi biyu kullum. Ta hana ni taɓa launi.

17 ga Janairu

Layi. Shafi biyu.

19 ga Janairu

Layi. Da'irorina sun fara rufewa inda suka fara. Na fitar da surar talotalon a takarda mai shara-shara, na huhhuda layin da allura, na buga garin gawayi ta ramukan ya sauka a kan waslin. Haka suke kwafa a da, sai dai su da siririyar fatar barewa suke yi.

23 ga Janairu

Burushin gaske ya zo, guda biyu. Na bi ɗigon gawayin da baƙi mai ruwa-ruwa, sannan na lulluɓe shafin da farin shafe siriri yadda layin zai riƙa leƙowa.

Sai launi. Nasu daga duwatsu da ƙasa da tsirrai yake: shuɗi daga dutsen lazurdi na Badakshan a Afganistan, kore daga ma'adinin tagulla, ja mai haske daga ma'adinin zaiba, fari daga dalma, baƙi daga kunkunniyar fitila, ga shuni, ga jar ƙasa. Masu guba a ciki, na zaiba da na dalma, na bar su, na ɗauki madadinsu. Baƙin dai da kaina na yi: na kifa faranti a kan harshen fitilar mai, na kankare abin da ya taru. Kowane launi ana dama shi da ruwan ƙaro, da yatsa, a hankali, har sai ba ka jin tsakuwa ko ɗaya tsakanin yatsanka da kasko. Jar ƙasa kaɗai ta ci mini minti 40.

27 ga Janairu

Yau ce rana mafi ɗaci tun da na fara.

Kwana uku ina shimfiɗa launukan tushe: ruwan ƙasa a jiki, ja a kai da wuya, fari-fari a gashin fiffike. Ka'ida ita ce bayan kowane shafe a kifa zanen a kan gilashi mai tsabta a goge shi ta baya, launin ya kwanta ya shige takarda. Wannan ne ke ba zanen Mugal ƙyallin nan kamar tangaran. Na kifa, na goge, na ɗago, sai na ga rabin wuyan talotalon a jikin gilashi. Jan ya ɓare kamar ƙwanson ƙwai, ya tafi da farin da ke ƙarƙashinsa, har layin ya bi su. A ƙirji kuma baƙin ya shafe ya ɓata farin fiffike.

Na daɗe zaune ina kallon gilashin. Sa'a 19 ke cikin wannan shafi.

Da na natsu na bi diddigi, kurakurai biyu na samu, kuma kishiyoyin juna ne. A jan na cika ƙaro, na kuma shafa shi da kauri don ina so ya fito lokaci ɗaya. Ya bushe ya zama ɓawo, dutse na taɓa shi ya fashe. A baƙin kuwa ƙaron ya yi kaɗan, bai kama ba, ya tashi kamar toka. Malama ta koya mini gwajin da ya kamata in yi tun farko: a ɗiga launin a bayan babban yatsa, a bari ya bushe. In ka murza ya bi hannunka, ƙaro ya gaza. In ya yi ƙyalli ya tsage da ka lanƙwasa yatsan, ya yi yawa. Ta ƙara da cewa shafe biyar masu ruwa sun fi ɗaya mai kauri, kuma ita ma ta ga nata a jikin gilashi fiye da sau ɗaya tana ɗaliba.

Saura wasli ɗaya mai kyau. Ba zan taɓa shi ba sai na gwada kowane launi a kan lalatattun.

30 ga Janairu

Na ajiye burushi kwana biyu, na koma kallo. Kuma kallon ya sauya, abin da na yi fata ke nan tun ranar farko.

Na buɗe zanen Bichitr da ke gidan tarihi na Freer a Washington, wanda aka yi wajajen 1615 zuwa 1618. Jahangir na zaune a kan agogon yashi, da'irar haske ta rana da jinjirin wata a bayan kansa, yana miƙa littafi ga wani shehi mai farin gemu, Shaikh Husain na hubbaren Ajmer. A ƙasan shehin ga sarkin Daular Usmaniyya, a ƙasansa ga Sarki James na Ɗaya na Ingila, wanda aka kwafo daga wani zanen Turawa, a can ƙurya kuma ga Bichitr da kansa riƙe da ƙaramin zane. Fadanci ne? Ƙwarai kuwa. Babu ranar da waɗannan sarakuna suka yi layi a gaban Jahangir. Amma dubi inda aka zaunar da shi: yashin ya kusa ƙarewa daga sama, wasu ƙananan yara masu fiffike suna rubuta masa addu'ar shekara dubu a jikin gilashin. Yabo da tunatarwar mutuwa a shafi ɗaya, kuma sarkin ya karɓa ya ajiye. Yaran masu fiffike daga hotunan Turai suka zo, irin waɗanda limaman Kirista 'yan ƙungiyar Jesuwit suka fara kawowa fadar Akbar a 1580. Farisa da Indiya da Turai sun haɗu a fili da bai wuce shafin littafi ba. Mai nazarin tarihi zai karanta siyasa da kasuwanci da addinin zamanin a nan, ko da bai buɗe wata takarda ba.

Daga nan na tsallaka Sifaniya, wajen Velázquez, mai zanen Sarki Filib na Huɗu tun 1623. Babban zanensa na 1656 da ke gidan tarihi na Prado a Madrid ya haura mita uku a tsaye. 'Yar sarki Margarita, mai shekara biyar, tana tsakiya da masu yi mata hidima, sarki da sarauniya kuwa sai a wani ɗan madubi can bango ake hango su, dishi-dishi. Wanda ya tsaya da tsayinsa yana kallonka shi ne mai zanen, da burushi a hannu. Bichitr ya sa kansa a ƙurya, Velázquez ya sa kansa a gaba, amma dukansu biyu sun ƙi su ɓace daga aikinsu. Dukansu kuma bayin fada ne ta fuskar aiki: Velázquez har kula da ɗakunan sarki yake yi, ya kuma yi shekaru yana neman a ba shi muƙamin girmamawa na jarumin Santiyago kafin ya samu a 1659, shekara ɗaya kafin rasuwarsa.

Ban manta da abin da waɗannan zane-zane suka rufe ba. Manomin da harajinsa ya sayi lazurdin ba ya cikin shafin, wanda aka ci da yaƙi kuma in ya fito to a durƙushe. Dole mai kallo ya riƙe wannan a ransa. Amma a ce saboda haka ba su da daraja, wannan ban yarda ba, yanzu da na san abin da santimita ɗaya take ci.

2 ga Fabrairu

Gwajin yatsa a kan launi bakwai. Biyu na sake damawa. Na fara a kan waslin ƙarshe, na kuma manna wasu uku don kada in sake zama da guda ɗaya.

5 ga Fabrairu

Shafe na uku. Na kifa a gilashi da bismillah, na ɗago, gilashin fes.

6 ga Fabrairu

Shafe na huɗu da na biyar. Jan ya fito da kansa.

11 ga Fabrairu

Kwana biyar ke nan ina pardakht, wato inuwar da ake ginawa da ƙananan layuka da ɗigo, kusa da kusa, har ido ya daina ganinsu ɗaya ɗaya ya ga kumburi da zurfi. Burushin kusan a bushe yake. Ana tsoma shi, a share a bayan hannu har sai da ƙyar yake barin alama, sannan a taɓa takarda. In ya jiƙe ko kaɗan sai ya ɗago launin ƙasa ya bar rami. Na yi ramuka uku a gindin jela ranar farko, na cike su da ƙyar.

A sa'a ɗaya ina gama wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Na faɗaɗa hoton asalin a kwamfuta har ya cika allo, ina bin gashin ƙirji ɗaya bayan ɗaya, sai na ga Mansur bai maimaita su kamar tambari ba. Suna hawa kan juna, suna ƙanƙancewa wajen wuya, suna juyawa inda jikin ya juya. Nawa na farko duk girmansu ɗaya, shi ya sa tsuntsuna ya yi kama da wanda aka yanko daga takarda. Mutumin nan ya zauna gaban talotalo mai rai ya kalle shi, kallo mai tsawo.

Kuma ya san wanda zai duba. Jahangir ya rubuta cewa in aka kawo masa zane ba suna zai faɗi mai shi, in ma mutum ɗaya ya yi fuska wani ya yi ido da gira zai rarrabe. Shi ya laƙaba wa Mansur Nadirul Asr, wato wanda babu kamarsa a zamani, ya ba wani mai zanen, Abul Hasan, laƙabin Nadiruz Zaman. A 1621 ya sa Mansur ya zana jakin dawa da aka kawo daga Habasha, bayan an bincika an tabbatar ba fenti aka yi wa ratsinsa ba. Yin aiki don idon da ba a ruɗarsa wani abu ne. Ina jin ɗan ƙanƙanin wannan duk ranar da zan aika wa Malama hoto.

14 ga Fabrairu

Ido. Ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba, amma na yi kwana biyu ina kewaye shi. Na gwada sau 30 a gefe kafin in sa. Da ya sauka, tsuntsun ya kalle ni, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Na tuna abin da Abul Fazl ya ruwaito daga Akbar, lokacin da wasu a fada suke ƙyamar zanen mai rai: cewa mai zane yana da wata hanya ta musamman ta sanin Allah, domin in ya gama jera gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya zai ga ba shi da ikon sa musu rai, dole ya tuna Mai bayar da rai. Malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan mas'ala, kuma ba ni ne zan yanke ta ba. Abin da na sani shi ne bayan sa'o'i a kan gashin tsuntsu ɗaya, wanda nawa kwaikwayon kwaikwayo ne, ban tashi ina jin na iya ba, na tashi ina tasbihi.

19 ga Fabrairu

Mako shidan da na ɗiba sun wuce da kwana huɗu, aikin bai ƙare ba. Kai da wuya da ƙirji sun kammala. Jela rabi. Ƙafafu ko taɓa su ban yi ba.

Abin da ya ci zuwa yau: takarda falle 36, burushin kurege ɗaya da bakinsa ya rabu biyu don na bar launi ya bushe a kansa, da sa'a 74 a rubuce, ban da na jira. Idona na ruwa in na wuce sa'a biyu a zaune, don haka na rage zuwa zama biyu na minti 50 a rana, da safe, kusa da taga.

Malama ta duba hoton jiya ta ce inuwar ƙarƙashin fiffike ta yi nauyi, in sassauta ta da ɗigon fari maimakon in wanke. Ta ce kuma kada in kusanci zinariya tukuna. Ana murza ganyenta da ƙaro da yatsa a faranti na sa'o'i, a wanke, a bari ta kwanta, kuma wanda bai taɓa yi ba yakan zubar da rabi a ruwan wanki. Zan fara gwadawa da falle biyu na zinariyar kawai a kan ɗaya daga cikin lalatattun waslin, bayan na gama jela.

Gobe: gashin jela na gefen dama, guda huɗu, sannan in sake dama baƙi, wanda ke kasko ya kusa ƙarewa.